Darasi na 12: Waƙar Alhini

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da ake nufi da waƙar alhini ko waƙar ta'aziyya;
2. gane sassan da ake gina ta da su;
3. ambaton wasu daga cikin mawaƙan da suka yi fice a kanta;
4. bambance kukan da addini ya yarda da shi da wanda ya hana;
5. rubuta 'yan layuka na tunawa da wani nasa da ya rasu.

Shimfiɗa

Hausawa na cewa mutuwa rigar kowa. A nan ƙasar Zamfara, ko a Wanke, ko a Tsafe, ko a Bungudu, da zarar an yi rashi kowa ya san aikinsa. Wasu su nufi maƙabarta da diga da shebur, wasu su nemo likkafani, mata su cika cikin gida, liman ya ja salla. Bayan an dawo daga rakiya sai a baza tabarmi a ƙofar gida. Mai zuwa gaisuwa ya durƙusa ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?" A amsa masa, "Da godiya." Ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan." A shafa fatiha, ya matsa ya ba na bayansa wuri.

Ba a kiɗa a wurin jana'iza, ba a waƙa a zaman makoki. Wannan ita ce al'adarmu, kuma ita ce tarbiyyar addininmu. To amma bayan kwana uku ana naɗe tabarmi, baƙi su koma garuruwansu, maƙwabta su koma gonakinsu. Daga nan sai a bar mai rashi shi da zuciyarsa. Matar mamaci tana da wata huɗu da kwana goma na takaba a gabanta. Bayan takabar ma akwai damina ta farko da za a yi babu shi, da Salla ta farko da ba za a ji sallamarsa ba. A irin wannan lokaci ne waƙa take samun ƙofar shiga, ba don shagali ba, sai don abin da ya cushe a ƙirji ya sami hanyar fita.

Karatu: Gero ya nuna

Karanta wannan labari a hankali. An tsara shi ne, da waƙar da ke cikinsa, domin wannan darasi.

Wata mata ce a wani ƙauye kusa da Wanke. Mijinta ya rasu a tsakiyar damina, bayan ya gama maimai. Ta yi takabarta, ta fita. Duk tsawon lokacin ba a ji ta ɗaga murya ba. Ran nan da hantsi, bayan an gama kawo amfanin gona gida, ta durƙusa gaban dutsen niƙa da ƙwaryar geron da shi ya shuka. Ta zuba, ta kama ɗan dutse, ta tura gaba, ta jawo baya. Tana cikin haka sai murya ta fito, a hankali, tana bin tafiyar dutsen:

*Allah jiƙan mai gona,*
*Ya tafi bai ga kaka ba.*

*Shi ya yi shuka ran ruwan farko,*
*Shi ya yi firi, shi ya yi maimai,*
*Gero ya fid da kai yana jiransa,*
*Ya tafi bai ga kaka ba.*

*Ran da aka zo mini da labari,*
*Ina tsakar gida ina tankaɗe,*
*Rariya ta faɗi, gari ya zube,*
*Ya tafi bai ga kaka ba.*

*Ga hauyarsa jingine a zaure,*
*Ga akuyarsa ɗaure a turke,*
*Tana duban ƙofa da yamma,*
*Ya tafi bai ga kaka ba.*

*Damin farko na marayu ne,*
*Bai ƙoshi ba maƙwabci na yunwa,*
*Wanda ya ba mu shi ya karɓa,*
*Allah haskaka makwancinsa.*

Ɗiyarta tana bakin murhu, ta saki itacen da ke hannunta ta taso.

"Inna, ki yi haƙuri ki bari. Za ki sa mu kuka."

Uwar ba ta daina niƙan ba. Ta share ido da gefen zane ta ce, "Haƙurin ke nan nake yi, ɗiyata. Ƙanenki bai kai shekara uku ba. Gobe in ya tambaya wane ne ubansa, me za ku faɗa masa? Zauna ki riƙa karɓa mini."

Yarinyar ta zauna kusa da ita. Da uwar ta kai ƙarshen ɗan waƙa, sai ta karɓa da amshi.

Yadda aka gina waƙar

Masana waƙar baka sun ba sassan waƙa sunaye. Daga cikin waɗanda suka fi yi wa wannan fage hidima akwai ɗan ƙasar nan, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, mai littafin *Jagoran Nazarin Waƙar Baka* na 1993. Ga kalmomin da za su taimake mu:

*Jagora* shi ne mai ba da waƙa. A labarinmu uwar ce jagora. *'Yan amshi* su ne masu karɓa, kamar yadda ɗiyar ta yi. *Gindin waƙa* shi ne layin da ake ta komawa gare shi. *Ɗiyan waƙa* su ne gungu-gungun layukan da ke zuwa tsakanin amshi da amshi. *Turke* kuwa shi ne babban saƙon da aka ɗaure waƙar a kansa, kamar yadda ake ɗaure dabba. Turken wannan waƙa alhini ne.

Yanzu mu sake duban ɗiyan ɗaya bayan ɗaya, domin a cikinsu akwai abubuwa biyar da ake yawan samu a waƙar alhini.

Na farko, ta faɗi ko wane ne mamacin ta hanyar aikinsa. Ba ta ce jarumi ne ba, ba ta ce babu kamarsa ba. Ta ce ya yi shuka, ya yi firi, ya yi maimai. Duk manomin da ya ji wannan ya san gumin da ake nufi.

Na biyu, ta ba da labarin ranar. Wanda ya taɓa rashi ya san cewa zuciya takan riƙe ƙaramin abu na ranar da labari ya zo: inda kake tsaye, abin da ke hannunka, wanda ya yi sallama. Rariyar da ta faɗi ta isa ta nuna mana kaɗuwar matar, ba sai ta ce ta kaɗu ba.

Na uku, ta nuna gurbin da ya bari. Hauya a zaure, akuya a turke. Kayan mutum suna nan, mai kayan ba ya nan. Wannan ne wurin da mai sauraro yakan ji hawaye ya zo masa, domin kowa yana da irin wannan hauya a gidansu: wata hula, wani carbi, wani keke da ba a sake hawa ba.

Na huɗu, ta yi masa shaida. Damin farko na marayu ne. Halin kirki shi ne gadon da ba a raba shi a gaban alƙali, kuma shi ne abin da uwar take son ɗanta ya taso ya ji.

Na biyar, ta miƙa wuya ta yi addu'a. Lura da cewa ɗan waƙa na ƙarshe bai koma ga amshin baƙin ciki ba. Ya ƙare da roƙon Allah. Waƙar ta faro daga kuka, ta bi ta kan labari, ta sauka a kan haƙuri. Wannan tafiya ita ce amfanin waƙar alhini.

Mawaƙan ƙasarmu

Ƙasar Zamfara gidan waƙa ce tun da daɗewa. Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, haifaffen Rawayya ne ta ƙasar Bungudu, ya rasu a 1973. Musa Ɗanƙwairo, mai kiɗan kotso da ake danganta shi da Maradun, ya fito daga ƙasar Bakura, ya rasu a 1991. Sa'idu Faru shi ma makaɗin kotso ne, daga garin Faru. Babban aikin waɗannan makaɗa yabon sarakuna ne, amma wanda ya saurare su da kyau zai ji yadda suke tsayawa a tsakiyar yabo su ambaci iyaye da kakannin da suka riga mu gidan gaskiya, su roƙa musu gafara. Ta haka sunayen da ba a rubuta a takarda ba suka iso gare mu.

Manyan rashe-rashe na ƙasa su ma sun haifar da waƙoƙi. Bayan kisan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966, da kisan Janar Murtala Muhammad a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976, makaɗa da marubuta waƙoƙi sun yi ta alhini, gidajen rediyo suna sakawa, mutane suna zagaye akwatin rediyo suna sharar ƙwalla.

Akwai ma wanda rashi ne ya raɗa masa suna. Adamu Ɗan Maraya Jos ya rasa uba da uwa tun yana jariri, Sarkin Hausawan Bukur ya riƙe shi. Da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa talaka waƙa: ɗan ƙwadago, da karen mota, da matan aure, da marasa galihu. Ya rasu a 2015.

A ɓangaren rubutacciyar waƙa, ana kiran waƙar alhini *marsiyya*. A nan babu sunan da ya kai na Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Mahaifinta ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, don haka ba baƙon gida ba ne a wurinmu. Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Fillanci da Larabci da Hausa. Ta yi marsiyyar baffanta Abdullahi na Gwandu, da ta ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1837, da ta mijinta Waziri Giɗaɗo, da ta aminiyarta A'isha. Abin koyi a wurinta shi ne ba ta tsaya ga manya kaɗai ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima waƙar alhini, mace ce wadda ba sarauta gare ta ba. Kuma ko a waƙoƙin da ta yi wa masu mulki, abin da ta fi ƙirgawa shi ne tsoron Allah, da taimakon jama'a, da sada zumunci. Matan da ta koyar, waɗanda ake kira 'Yan Taru, su ne suka riƙa ɗaukar waƙoƙinta da ka suna kaiwa ƙauyuka.

Sai Aliyu Namangi na Zariya, makahon malami da ya rasu a 1990. A cikin *Imfiraji* ya yi dogon tunatarwa game da mutuwa da kwanciyar kabari da ƙarewar duniya. Irin tasa waƙar wa'azi ce: tana magana da rayayye don ya shirya. Waƙar alhini kuwa tana magana ne a kan wani mutum guda da aka sani, aka zauna da shi, aka rasa.

Iyakar da addini ya sa

Wani zai tambaya, shin wannan bai saɓa wa tawakkali ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata mu amsa ta da ilimi.

Ya tabbata cewa lokacin da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake barin duniya a Madina yana ƙaramin yaro, idanun Manzo sun zubar da hawaye. Da sahabi Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai Manzo ya nuna masa cewa wannan jinƙai ne, kuma bakinsa ba zai furta abin da Allah bai yarda da shi ba. Saboda haka hawaye ba laifi ba ne, baƙin ciki ba raunin imani ba ne. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da maganar da ke nuna ja da hukuncin Allah.

A tarihin Larabawa akwai Hansa'u, mawaƙiyar da ta shahara da marsiyyar ɗan'uwanta Sahru, ta kuma riski Musulunci ta karɓe shi. Har yau ana karanta waƙoƙinta a makarantu. Malamanmu na jihadi ma, kamar yadda muka gani, sun yi marsiyya.

Game da kayan kiɗa, malamai suna da maganganu mabambanta, kowa ya bi malamin da ya amince da shi. Amma akwai ƙa'idoji huɗu da mai waƙar alhini zai riƙe: kada ya yi wa mamaci yabon ƙarya, kada ya tona asirinsa ko na iyalinsa, kada ya yi wa Allah ƙorafi, kada kuma ya mai da waƙar makamin zuga ɗaukar fansa. Wannan na ƙarshe yana da nauyi ƙwarai a zamanin da muke ciki.

Ba mu kaɗai ba ne

A kudancin ƙasar Amurka akwai wani kiɗa na mutanen karkara da ake kira kantiri. Manoma ne da masu haƙar kwal da ma'aikatan jirgin ƙasa suka raine shi, kuma ya fara bazuwa sosai bayan da aka ɗauki muryoyin wasu mawaƙan ƙauye a faifai a garin Biristol na jihar Tenesi a 1927. Da yawa daga waƙoƙinsu labari ne ake bayarwa daga farko zuwa ƙarshe: uwa ta rasu, ɗa ya tafi bai dawo ba, miji ya tsaya a bakin kabarin matarsa. Ɗaya daga cikin kayan kiɗansu, banjo, asalinsa daga bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne, ɗan'uwan gurmi da garaya ne. Harshe daban, addini daban, amma manomin can ma idan ya yi rashi, kujerar da babu kowa a kanta yake ambata, kamar yadda matar labarinmu ta ambaci hauya.

Me ya sa muke wannan darasi yanzu?

Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro a 1996, ta ga rashi mai yawa a 'yan shekarun nan. A 2010 gubar dalma daga wuraren haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bayan haka ga hare-haren 'yan bindiga, waɗanda ƙauyukan Wanke da na Tsafe da na Bungudu suka ɗanɗana: an kashe, an sace, an bar gonaki, an yi gudun hijira zuwa Gusau.

Idan rediyo ya ba da irin wannan labari, adadi yake faɗa: mutum kaza sun rasu. Adadi ba shi da fuska. Ba ya faɗa maka cewa ɗaya daga cikinsu shi ne ladanin unguwa, ɗaya ita ce ungozomar da ta yanke cibiyar rabin yaran garin, ɗaya kuma yaro ne da ya kusa sauke Alƙur'ani. Mu da muka san su, mu ne kaɗai za mu iya mayar musu da sunayensu. Iyayenmu mata sun yi haka a bakin dutsen niƙa da turmi. Yau injin niƙa ya karɓi aikin dutse, waƙoƙin da ake yi a kansa suna ta bin tsofaffi zuwa kabari. Ku kuma Allah ya ba ku abin da su ba su samu ba: kun fara riƙe alƙalami. Abin da aka rubuta yana jiran jikan da ba a haifa ba tukuna.

Abu ɗaya za mu ƙara. Waƙa tana rage nauyi, amma ba ta maye gurbin jama'a. Idan ka ga ɗan'uwanka watanni sun shuɗe bai iya barci ba, bai iya cin abinci ba, ya daina shiga mutane, kada ka tsaya ga cewa ya yi haƙuri. Zauna da shi, ka saurare shi, ka raka shi wurin malami da kuma asibiti.

Sababbin kalmomi

*Alhini:* baƙin cikin rashi da tunanin wanda aka rasa.
*Marsiyya:* rubutacciyar waƙar alhini.
*Takaba:* zaman da mace ke yi bayan rasuwar mijinta.
*Firi da maimai:* noman farko da na biyu.
*Turke:* babban saƙon waƙa.
*Gindin waƙa:* layin da 'yan amshi ke maimaitawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a jin waƙa a wurin jana'iza a ƙasar Hausa?
2. Wane dalili uwar ta ba ɗiyarta na yin waƙar?
3. Kawo abubuwa biyar da ake samu a waƙar alhini, ka nuna kowanne a cikin waƙar da muka karanta.
4. A wane gari aka haifi Salihu Jankiɗi?
5. Ambaci mutum uku da Nana Asma'u ta yi wa marsiyya. Me waƙar Halima ta koya mana?
6. Mene ne bambancin waƙar wa'azi da waƙar alhini?
7. Waɗanne abubuwa huɗu ne mai waƙar alhini zai kiyaye?

Aikin aji

Ku kasu gida-gida, mutum huɗu ko biyar. Ɗaya ya zama jagora ya karanta ɗiyan waƙar, sauran su karɓi amshi. Daga nan kowane rukuni ya ƙara ɗa guda na layi uku wanda zai dace da gindin waƙar.

Aikin gida

1. Je wurin wata tsohuwa a gidanku ko unguwarku, ka gaishe ta da ladabi, ka roƙe ta ta tuna maka wata waƙar niƙa ko ta daka da ta ji a wurin iyayenta. Rubuta abin da ka iya, ka sa sunan garin da aka yi ta.
2. Tuna wani naka da ya rasu. Rubuta layi biyar: sunansa, sana'arsa, wani abu nasa da har yanzu yake gida, wani alheri da ya yi wanda ka gani da idonka, sannan addu'a.

Ga malami

A cikin ajinka akwai wanda rashinsa bai daɗe ba, wataƙila ma akwai wanda nasa yana hannun masu garkuwa har yanzu. Kada ka tilasta wa kowa karanta aikinsa a gaban jama'a. Wanda ya so ya karanta, a saurare shi cikin natsuwa, kada a tsaya gyaran ƙa'idar rubutu sai wani lokaci. Idan murya ta sarƙe masa, a jira shi. Idan ya kai ƙarshe, aji duka su amsa da amin, sannan a rufe darasin da addu'a ga duk sunayen da aka ambata.